Tawadar Allah a Tafin Ƙafar Yaya Dije

Tun da na dawo daga Ingila ban huta ba. Duk wadda ta shigo ƙunshi, kafin ta miƙo hannu sai ta jefo tambaya: yaya garin, da gaske rana ba ta fitowa, me kika ci a can. Masu sa ido kuwa, irin su Maman Walida ta bayan layinmu, ba Ingilar ce ta dame su ba, ƙafata ce. Wai ina aka taɓa ganin mai ƙunshi da farar ƙafa kamar mai takaba, alhali Malam yana nan da ransa yana cin tuwonsa. To ku zauna in ba ku gaba ɗaya, don amsar tambayoyin biyu ɗaya ce, kuma na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure.

Bikin Nafisa ne ya kai ni, 'yar yayata Dije. Mu biyu kaɗai Inna ta bari a duniya. Yaya Dije ta daɗe a Manchester, can mijinta ya rasu, tana aiki a gidan da ake kula da tsofaffi. Ta rantse ba wadda za ta yi wa 'yarta ƙunshin aure sai ni, ita ta yi ta fama da takardu har aka ba ni biza. Na cika jaka da garin lalle, da dayis na baƙin lalle, da kuka, da daddawa, Malam yana ta tsiya wai kasuwar Rimi zan kai wa Turawa.

Jirgi dai jirgi ne. Mun tashi daga Kano, muka sauka wata ƙasa muka canja wani, na sha sanyin na'ura har yatsuna suka ƙage. Abin da ya tsaya min a rai shi ne shiga ƙasar. A filin jirgin Manchester akwai wani ɗan gilashi mai koren haske da ake ɗora yatsa a kai, ya tabbatar ke ce mai fasfo. Na ɗora, shiru. Na sake ɗorawa, shiru. Jami'ar, wata Baturiya mai sanyin murya, ta ba ni tsumma mai danshi na goge, na ɗora, har yanzu na'ura ta ce ba kowa a wurin. Ina tsaye da raina da numfashina, abu yana cewa bai ga mutum ba. Jami'ar ta kama hannuna ta juya shi, ta ga yadda lalle da dayis na shekaru suka cinye zanen yatsuna suka bar su sumul. Da ƙyar ɗan ƙaramin yatsa ya cece ni, shi da ba ya taɓa kwaɓi. Garin lallen ma sai da aka buɗe aka sansana, na yi ta nuna musu hannuna ina cewa ado ne, ba sha ake yi ba.

Nafisa ce ta ɗauko ni a motarta. Hausarta tana nan, sai dai kowace jimla rabinta Turanci ne, irin nasu mai fita ta hanci. Unguwarsu Old Trafford, gidaje ne na jan bulo a jere, manne da juna, kamarsu ɗaya sak. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne shirun. Tsakar rana ce, ga motoci, ga labule a kowace taga, amma ba yaro a waje, ba mai talla, ba ko akuya. Ranar da ake ƙwallo ce kaɗai na ji muryar jama'a. Ina shanya a bayan gida sai na ji wani ihu mai kauri ya taso kamar daga ƙarƙashin ƙasa, ya lafa, ya sake tasowa, ga layi kuma fayau ba kowa. Na saki kaya na ruga ciki. Nafisa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce filin wasa ne a kusa.

Fatata ce ta fara gaya min ba gida nake ba. Ruwansu da ɗumin da ake kunnawa a ɗaki suka busar da ni, na yi fari fat, ƙwauri yana ƙaiƙayi, faso ya buɗe a dunduniya. Nafisa ta hana ni sabulun da na zo da shi, ta ba ni wani farin mai mai kauri da GP ya rubuta mata, wato likitan unguwa da kowa yake da nasa. Ita tun tana ƙarama take fama da ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, ta ce sirrin kawai a shafa man jiki na da danshi, kuma a daina sosa. Na bi, na kuwa ga aikinsa. Abinci kuwa kada ku tambaye ni. Ta kai ni cin kifi da dankalinsu, na ci don kunya, na dawo gida na kaɗa kukata.

Yanzu ga inda labarin yake. Washegarin zuwana da hantsi ina kwance a ɗakin sama, sai na ji ana hawowa bene. Taku ɗaya cikakke, ɗaya a kan yatsu. Cikakke, a kan yatsu. Na tashi zaune, don na san takun nan. Takun Inna ne a shekararta ta ƙarshe, da shi take zuwa daga ɗaki zuwa madafi. Inna kuwa ta fi shekara ashirin a ƙasa. Ƙofa ta buɗe, sai ga Yaya Dije da kofin shayi tana murmushi. Na ce Yaya, me ya sami ƙafarki? Ta ce tsayuwar aiki ce, in sha shayina kafin ya huce.

Daga nan na sa mata ido. Safa ba ta barin ƙafarta, ko alwala za ta yi shafa take a kai, ta ce ai sanyin ƙasar nan ya halatta. Sai da biki ya matso ta kira ni ɗakinta da rana, ta murɗa makulli, ta zauna bakin gado ta cire safar hagu. Ta ce so take in rufe mata wani abu da baƙin lalle, ya yi baƙi sosai, kada kowa ya gani ranar taro.

A tsakiyar tafin ƙafar, wajen dunduniya, ga wani baƙin tabo. Mu dai irin wannan tawadar Allah muke ce masa, har mu tsokani mai shi mu ce alamar arziki ce. Amma tawadar Allah da na sani zagaye take, launinta ɗaya, tana nan inda take tun haihuwa har mutuwa. Wannan bakinsa a tsattsage yake, wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya ɗan taso. Na kai hannu zan taɓa, na fasa. A wannan ƙafar, a daidai wannan wurin, Inna ta yi nata.

Ku da kuka san gidanmu kun san yadda aka yi. Na Inna ya fara kamar ƙwayar gero, ya yi ta faɗi, ya fashe ya ƙi warkewa. Aka ce ta taka, wato an binne mata abu a ƙofar gida ta bi ta kai. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an tone ƙofar gida ba a ga komai ba. Kaluluwa ta fito mata a matsematsi, ta rame, ta tafi. Ba wanda ya kai ta asibiti, don ba wanda ya ɗauka ciwon asibiti ne.

Yaya Dije ta ce nata ya fito ne bayan zuwanta gida na ƙarshe, lokacin da ta shiga tsohon ɗakin Inna ba takalmi. Tana faɗa muryarta ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙofa. Ta ce ta shafa man habbatus sauda, ta shafa wani mai na kanti da ake cewa yana goge tabo, abin sai ƙara faɗi yake, har ya taɓa yin jini a safa. Na ce GP fa? Ta ce ba a kai wa Bature tawadar Allah, wuƙa kawai ya sani, ita kuwa ba za ta yi bikin 'yarta tilo da sanda ba. In na Inna ne ya biyo ta, to ya bari a gama biki. Yayata ce, ta girme ni, ban iya yi mata musu ba. Na ce to, zan rufe.

Ango ɗan Birmingham ne, can za a yi ƙunshi da ɗaurin aure. Muka kama hanya a motar Nafisa, titi mai faɗi, motoci suna gudu ba mai yi wa wani oda, sama a rufe da gajimare kamar an kifa ƙwarya. Mun tsaya wani wurin hutawa, na shiga banɗaki na rasa buta, famfo kuma ya ƙi zuba sai da na janye hannu ya zubo shi kaɗai. Na yi a'uziyya na fito. Yaya tana kujerar gaba, duk tsawon hanyar ƙafar hagu a ɗage take a kan yatsu.

Lozells, unguwar su ango, ta fi kama da gari. Ga kantuna, ga mahauta, ga ƙanshin soye-soye, har da masu tsayawa a bakin titi suna gaisawa. Uwar ango, Hajiya Memuna, 'yar Ghana ce, Hausa ce harshensu na gida. Sai dai Hausar tasu ba ruwanta da mace ko namiji. Tana rungume ni ta juya ta ce da mutanen ɗaki, "Ƙanin Dije ya zo." Na waiga ina neman ƙanin. Ta cika mu da shinkafa da wakensu mai jan launi, da wani baƙin yaji da suke kira shito, na ci har hancina ya yi ruwa. A saman kanti aka sauke mu, wani ɗan gida na 'yarta, matsattse amma da ɗumi.

Ranar ƙunshi na baje kayana a falon Hajiya, na fito da dayis. Tana gani fuskarta ta canja. Ta ce baƙin lalle ba ya shiga gidanta. Ta kira 'yarta Zenabu ta ce ta nuna min hannu. Jama'a, fulawa ce aka zana mata shekarun baya don sallah, zane mai kyau kuwa, na yaba wa wadda ta yi. Lallen ya tafi tuntuni, amma zanen yana nan, ya taso a fata ganye bayan ganye. Sinadarin da ke cikin baƙin ne jikinta ya ƙi, wurin ya kumbura ya yi ruwa, ya warke da tabo. Likita ya ce ko rinin gashi kada ta ƙara kusanta. Na kalli dayis ɗina, na kalli hannun, na mayar da shi jaka. Na kalli Yaya Dije, ta kawar da kai. Jan lalle kaɗai ya rage mana, ni da ita kuma mun san ja ba ya rufe baƙi.

Cikin matan da suka zo akwai Rifkatu, aminiyar Hajiya, 'yar Filato ce, Kirista, tana zaune a unguwar Aston. Nas ce a ɓangaren fata na wani asibiti. Ta zo daga coci da kwalliyarta, ta ce ita ma sai an yi mata, ba a bar ta a baya ba. Ai kuwa mata suka mayar da falon asibiti. Wannan ta buɗe wuya ta nuna kyasbi, Rifkatu ta ce naman gwari ne, wata ƙwayar cuta ta saman fata, akwai sabulun wanka na magani, amma launin fata sai a hankali yake dawowa. Waccan ta ce ɗanta yana da makero a ka, ta ce na kai ba ya jin shafawa kaɗai, sai an haɗa da na sha, kuma a raba masa mataji. Hajiya ta ba da labarin ƙurajen da suka taɓa fito mata a haƙarƙari ɓari ɗaya, masu zafi kamar wuta, ta ce su ananse suke ce masa, wato gizo-gizo, kuma in ya zagaye jiki ya haɗe sai mutuwa. Na ce ikon Allah, mu ma tautau muke cewa. Rifkatu ta yi dariya ta ce ba gizon da ya taka kowa, ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jiki tun yarinta take farkawa, in an je da wuri akwai ƙwayoyin sha. Ana ta hira ana shewa, Yaya Dije tana lungu da safarta.

Ita na yi wa a ƙarshe, na juya bayana ga jama'a na kare ta. Na lafta lalle da kauri na ɗaure da leda. Da la'asar aka kwance. Uwar amarya ce, dole kowa ya zo ya ga nata, ba yadda za ta ɓoye. Na wanke, lalle ya kama ja jawur, irin kamun da nake alfahari da shi. A tsakiyar jan kuwa ga shi nan, ya fi da fitowa, kamar ido a buɗe yana kallon ɗakin.

Wata ta ce kai, tawadar Allah, Hajiya Dije za a yi kuɗi. Aka yi dariya. Rifkatu ba ta yi ba. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce da ni a hankali in taimaka mata mu kai Yaya ɗakin ciki.

A can ta tambayi yaushe ya fito, ko yana girma, ko ya taɓa jini. Duk amsar e ce. Ta ce ita ba likita ba ce, kuma zai yiwu ba komai ba ne. Amma akwai ciwon daji na fata da ake kira melanoma. Mutanenmu suna ɗauka na Turawa ne masu kwanciya a rana, alhali mu ma yana kama mu, kuma a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce ya fi fito mana, inda ba mai dubawa. In an cire da wuri ana warkewa. In an bari yana bin kaluluwa ya shiga jiki. Da ta ambaci kaluluwa sai na tuna da ta Inna, na zauna a ƙasa.

Yaya ta ce ta gode, amma wannan abin gidansu ne, Rifkatu ba za ta gane ba. Ta jawo safa za ta sa. Ban san lokacin da na fizge safar ba, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba tun muna yara.

Na ce, "Yaya, kina nan ƙasar lokacin da Inna ta rasu. Ni na riƙe ƙafar nan aka wanke ta. Wallahi ba zan riƙe taki ba."

Ta kalle ni, ta kalli ƙafar. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Can ta ce a bari a ɗaura aure gobe, jibi ta kira GP. Rifkatu ta ce ta yarda, amma a gabanta za a yi kiran, kuma ta faɗa musu kalmomin nan uku: yana girma, ya canja launi, ya yi jini.

An yi biki lafiya, Yaya ta taka rawa a kan yatsunta, ni kaɗai na san abin da nake gani. Muka koma Manchester. GP ya duba, ya ɗauki hoto, bai ɓata lokaci ba ya tura ta wurin likitan fata. Shi kuma ya ɗora wani ɗan madubi mai fitila a kai, ya daɗe yana kallo kamar Rifkatu. Aka yanke tabon aka kai awo. Zaman jiran sakamakon nan ban taɓa yin irinsa ba, gida shiru, amarya ta tafi, sai ni da Yaya da ƙarar bututun ɗumi a bango. Da ya fito, shi ne, ciwon da Rifkatu ta faɗa. Aka sake shiga da ita aka faɗaɗa yankan, aka ɗebo fata daga cinyarta aka lulluɓe wurin, aka ciri kaluluwa ɗaya a matsematsi aka duba. Alhamdu lillahi, bai kai can ba. Za ta riƙa komawa ana dubawa har shekaru. Na sa Nafisa ta tambayi likitan labarin Inna. Ya ce ba zai iya sanin abin da bai gani ba, kuma irin wannan ba kasafai ake gadonsa ba. Na ji daɗin maganar, amma ban daina tunanin yadda aka yi ya zaɓi ƙafa ɗaya da wuri ɗaya ba.

Ranar da aka buɗe bandeji Yaya ta sa na riƙe mata madubi. Fatar cinya baƙa ce, tafin ƙafa kuwa fari, don haka yanzu tana da baƙin tabo da ya ninka na da. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi dariya ta ce to, wannan tawadar likita ce.

Ana gobe zan taho na zauna na yi wa kaina ƙunshi, kamar yadda na saba tun ina budurwa, kafin wani ya goge na ɗora wani. Ba zan sauka Kano da farar ƙafa ba. Da safe na shiga yi mata sallama, tana kwance ƙafa a kan filo. Ta ce in zo kusa in ɗaga ƙafata. Na ɗaga ina jiran yabo. Ta ce yaushe rabon da in ga tafin ƙafata ba lalle? Na sauke ƙafar.

Ta ce, "Asabe, mu biyu Inna ta haifa. Kada ki ƙara ɗorawa sai kin ga abin da ke ƙasa."

To Maman Walida, kin ji dalilin farar ƙafa. Kuma shi ya sa duk wadda ta zo yanzu sai na juya tafin ƙafarta na duba kafin in shafa komai, ku daina cewa na koyo iyayi a Turai. Dayis ma na daina, mai son baƙi ta nemi wata.

Nawa lallen ya goge ko'ina, saura wuri ɗaya a ƙafar hagu, wajen dunduniya, da ya ɗan fi duhu. Sana'ata ce, na san nan ne fata ta fi kauri, nan lalle yake daɗewa bai saki ba. Na gaya wa Malam haka, na gaya wa kaina. Duk da haka na karɓi kati a asibiti, ranar Litinin zan ga likitan fata. Yaya Dije kuwa duk Juma'a sai ta kira ni ta bidiyo, kuma ta daina fara magana da gaisuwa. Ina ɗauka, kafin in ce ina wuni, sai ta matso da fuskarta jikin waya ta ce, "Ɗaga ƙafar in gani."